Shekarar da Benen Yaya Tanimu Ya Rufta

Kun taso kuna jin ana cewa babanku ne ya shiga tsakanina da gidanmu. A bakin 'ya'yan kawunku kuka fara ji, daga baya kuka ji a gidan biki da gidan suna, har maganar ta zama kamar abin da kowa ya gani da idonsa. Ban taɓa ƙaryatawa ba, shi ma bai taɓa ba. Yanzu shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, ni kuma gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara raguwa, ba na so in bi shi da maganar a cikina. Saboda haka Fati, Aminu, Nafisa, ku karanta a natse, kada wanda ya kira ni a waya sai ya kai ƙarshe.

Babanku, Malam Lawal, ɗan jarida ne a wata 'yar ƙaramar jarida mai fitowa duk Juma'a, shafi takwas, rabi Hausa rabi Turanci, ana buga ta a wani shago mai ɗaki biyu a bayan PZ, can Sabon Gari. Shi ne mai ɗauko labari, shi ne mai gyarawa, wani lokaci ma shi ke ɗaure jaridun a bayan babur ya kai wa masu sayarwa. Labaransa ba na manya ba ne. Famfon da ya shekara ba ruwa, malamin firamare da ya yi ritaya aka manta da shi, kwatar da ta toshe a kasuwa, irin waɗannan yake bi. Abin da mutane suka fi saninsa da shi kuwa zane ne. Tun yana yaro yake leƙen ɗaliban zane na jami'a a Samaru, har wata malama ta ga nacinsa ta ba shi ragowar akwatin fentin ruwa, daga nan bai ƙara ajiyewa ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: buroshi uku, gwangwanin madara da yake zuba ruwa, da takarda mai kauri wadda yake tattalinta fiye da rigarsa ta Sallah. Duk Asabar da hantsi zai ja kujerarsa zuwa bakin layinmu ya zana abin da ke gabansa, mai shayi ne, ko awaki, ko ɗalibai masu jiran bas. A ƙasan kowane zane yana rubuta rana da wata, ya ce ɗan jarida ba ya barin takarda ba kwanan wata. Jaridar kan buga ɗaya a shafin baya, baƙi da fari, duk kalar da ya sha wahalar haɗawa ta tafi, kullum sai ya yi mita, kullum kuma sai ya sake kai wani.

Gidan da muke ciki a Samaru na Yaya Tanimu ne. Ya kamata ku san wane ne shi a wurina kafin ku ji sauran. Ina 'yar shekara tara Babanmu ya rasu, Yaya ya bar makaranta ya shiga dakon siminti don mu ci abinci. Shi ya tsaya na gama sakandare lokacin da dangi ke cewa ya isa haka, shi ya aurar da ni, shi ya ba mu gidan ya ce mu zauna har sai mun gaji. Da Allah ya buɗa masa ya zama ɗan kwangila, sai ya ɗauko Inna ya ajiye ta a gidansa na Hanwa. A ƙarshen layinmu ya sayi fili ya fara gina benaye biyu, ɗaya a bayan ɗaya, don haya ga ɗalibai. Magininsa Sande ne, Ibo ne Kirista, amma haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Gajere ne mai jar hula, shekara goma sha yana aiki da Yaya.

Wata rana na kai wa Inna maganin ƙafa a Hanwa, zan fito ke nan na ji muryoyi a zaure, sai na dakata a bayan labule don su gama. Sande ne da Yaya.

"Alhaji, tushen nan na hawa biyu na haƙa. Ka ɗora na uku, ba zai ɗauka ba."

"Kai dai ka ɗora, Sande. Allah ne mai riƙewa."

"Haka ne, Alhaji. Amma ni na san abin da na zuba a ƙasa. Ka nemi wani, hannuna ba zai taɓa ba."

Ya ajiye makullan sito a kan tabarma ya fita. Na faɗa wa babanku a ranar, ya ce zai yi wa Yaya magana, ya kuma yi. Yaya ya yi dariya ya ce mai zanen awaki ya bar gini ga masu gini. Aka ɗauko wasu ma'aikata, aka ɗora hawa na uku a kan duka benayen biyu, ɗalibai suka cika su. Mu ma muka saba da ganinsu, muka bar maganar.

A tsakiyar daminar da ta biyo baya, ranar wata Litinin da hantsi, ina tace zoɓon da nake sayar wa ɗalibai, na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, sannan ƙara ta biyo. Ko da na fito, benen gaba ya zauna a kan kansa, hawa na uku ya dawo daidai tsayin mutum. Allah ya taimaka yawancin yaran suna aji. An zaƙulo wasu da karaya. Ɗaya ba a same shi da rai ba, Mustafa, wani dogon yaro mai karatun noma wanda zazzaɓi ya hana shi fita a ranar. Kullum da yamma yana zuwa ƙofarmu sayen zoɓo, ya ce in saka masa citta da yawa. Babanku na cikin waɗanda suka ɗauko shi. Ya dawo gida rigarsa duk ƙura da jini, ya zauna a bakin rijiya, ya kasa ko wanke hannu.

Washegari muka ji an kama Sande. Yaya ya gaya wa 'yan sanda cewa shi ya yi ginin tun daga tushe har sama, kuma ya sace rodi da siminti ya yi algus. Ku tuna da lokacin. Garuruwan jiharmu ba su daɗe da fita daga rikici ba, kowa na tafiya yana waige, ƙaramar magana kan isa a rufe kasuwa. Kafin la'asar labarin ya canja kama a bakin mutane. Ba a cewa gini ya faɗi, sai dai wai wani arne ya kashe ɗalibi Musulmi da gangan. Samarin da ban taɓa gani a layinmu ba suka fara taruwa a wurin mai shayi, suna nuna kangon da hannu.

Ranar Laraba da safe matar Sande ta zo gidanmu, Maman Ngozi, mai sayar da garin kwaki a Sabon Gari. Ta yafa babban gyale har goshi don kada a gane ta a hanya. Tana shigowa ta zube a tsakar gida, na yi na yi ta tashi ta ƙi.

"Malam, kai kana zaune a layin nan kullum. Ka ga lokacin da mijina ya bar aikin. An ce ranar Juma'a za a zo a ƙone mana gida. Yarana huɗu, ina zan kai su?"

Babanku ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalin da yake tara zane, ya shimfiɗa su a tabarma ɗaya bayan ɗaya, yana duba kwanan watan da ke ƙasa. Ni kaina ban san ya zana ginin sau da yawa haka ba. Ga shi ana haƙa tushe, ga mutum mai jar hula a tsaye. Ga hawa na ɗaya, ga na biyu, jar hular na nan. Daga nan sai ta ɓace. Zane biyar na hawa na uku, ma'aikata daban, babu Sande ko a ɗaya. A na ƙarshe, wanda ya yi makonni uku kafin faɗuwar, akwai wata tsaga da ta taso daga ƙasan taga ta gangara har ƙasa. Ya ce inuwarta ce ta ba shi sha'awa ya zana, bai yi tunanin komai ba. Sannan ya sa yatsa a gefen takardar, inda benen baya ya leƙo, wanda har a ranar ɗalibai ke kwana a ciki.

Ya zauna ya rubuta labarin kafin azahar, shafi huɗu da hannunsa. Amma ya ce ba zai kai ba sai ya ji ta bakin Yaya, haka aikin yake. Ya tafi Hanwa, bai yi awa biyu ba ya dawo. Abin da kawai ya gaya mini shi ne Yaya ya ce ya tuna a gidan wa yake kwana. Ya biya ta ofishin 'yan sanda da zanen, wanda ya tarar ya jujjuya su ya ce nan ba makarantar yara ba ce. Da la'asar aka aiko Inna na kirana.

Na same ta a kan dardumarta, carbi a hannu, ba ta amsa gaisuwata ba sai da na maimaita.

"Habiba, wa ya ciyar da ke bayan ubanki?"

"Yaya ne, Inna."

"To mijinki zai kai shi kurkuku saboda wani bare. Wanda ya mutu ya riga ya mutu, kwanansa ne ya ƙare. Ki je ki hana shi. In takardar nan ta fita, ki sani ni ya tozarta."

"Inna, na ji da kunnena lokacin da Sande ya ce—"

"Ba ki ji komai ba."

Ta juya mini baya ta ci gaba da jan carbinta. Na fito na kama hanyar gida. Ban roƙi babanku komai ba da na koma, wallahi ban roƙe shi ba. Ya dai kalli fuskata, na shiga madafa na yi ta kuka a kan tukunya, yana jina. Da safiyar Alhamis ya haɗa rubutun da zane uku a babban ambulan, na ɗauka fita zai yi da shi, sai na ga ya ɗora a saman kwaba.

"Ba zan buga ba, Maman Fati. Zan tafi Kaduna, akwai wani lauya da muka yi makaranta tare, ko zai taimaka a fito da Sande. A bi ta nan a hankali."

"Juma'ar fa? Gobe ce."

"Na sani. Amma ba zan iya raba ki da mahaifiyarki ba."

Ya tafi. Na san irin abin da ya haɗiye kafin ya faɗi wannan magana, mutumin da bai taɓa janye labari ba ko da an yi masa barazana. Na kuma san lauya ba zai iso kafin a sauko daga masallaci ba. Na fito da kular zoɓo ƙofar gida don kada in zauna ni kaɗai da tunani. Wajen azahar samari uku suka tsaya saye, baƙi ne, ɗaya na riƙe da jarka. Suna sha suna magana a gabana kamar ba mutum ba ce a wurin. Ɗaya ya ce an gano layin maginin, gida na huɗu ne bayan coci. Ɗaya ya ce ba gida ɗaya za a tsaya ba. Na ba su canjinsu. Na ɗaga ido na ga benen baya, wata ɗaliba na shanya kaya a barandar hawa na uku, tana waƙa.

Ƙarfe huɗu ake rufe karɓar labari ranar Alhamis, na san wannan tun ina amarya. Na duba agogo, biyu ta wuce. Na bar ku wurin maƙwabciya, Nafisa ma tana goye na sauke ta, na taka kujera na ɗauko ambulan ɗin na sa a cikin hijabi. Ba zan ce muku na yi dogon tunani ba. Da na yi, da ban fita ba.

Bas ɗin ya tsaya cika a Samaru kamar ba zai tashi ba. A mahaɗar Kwangila aka tsayar da mu, 'yan sanda na leƙa kowace mota. Da muka shiga Sabon Gari na ga abin da ban taɓa gani ba da rana tsaka: rabin shagunan a rufe, masu sauran suna kwashe kaya suna lodawa a baro, mata da ƙullin kaya a ka suna jan yara zuwa tasha. Ba hayaniya, shi ne ma abin da ya fi ba ni tsoro. Na sauka a PZ na bi lungun da ƙafa, takardar na manne da cikina, gumi ya fara jiƙa gefenta.

Editan wani dattijo ne, Malam Iliya, mai tabarau ɗaure da zare. Ya sha cin tuwo a gidanmu. Ya ɗago ya gan ni ya cire tabarau.

"Maman Fati, lafiya? Ina Lawal? Na bar masa shafin farko tun jiya."

"Ya tafi Kaduna, Baba. Shi ya aiko ni."

Ƙaryar da na yi ke nan, kuma ita ce ta bi babanku har kabari. Malam Iliya ya karanta rubutun a tsaye, ya jera zanen a kan tebur, ya daɗe yana kallo.

"Zanen ya nuna mutumin ba ya nan. Bai nuna dalilin tafiyarsa ba. In na buga haka, Alhaji zai ce korarsa ya yi saboda sata. Akwai wanda ya ji abin da ya gudana tsakaninsu?"

"Akwai."

"Wa?"

"Ni."

Ya kalle ni ta saman takardar. Ya ce in zauna, na zauna a kan ƙullin tsofaffin jaridu, na faɗa masa abin da na ji a bayan labule, kalma da kalma, har makullan da aka ajiye a tabarma. Ya rubuta. Da ya gama ya ce:

"Kin san wanda kike magana a kansa?"

"Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ba zan sa sunanki ba. Zan ce wata majiya daga cikin dangi. Kin tabbata Lawal ya san da zuwanki?"

Na ce ya sani. Ina ganin bai yarda ba, amma ya miƙa wa mai injin takardun.

Babanku ya dawo ana kiran magariba, lauyan ya ce sai Litinin. Ya ajiye jakarsa, ya ɗaga ido saman kwaba, sannan ya juyo gare ni. Ina tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Kin kai?"

"Na kai."

"Da sunana?"

"Da sunanka. Na kuma gaya wa Baba Iliya abin da na ji a zaure."

Ya zauna a bakin gado har aka tayar da salla. Na jira faɗa, don bai taɓa yi mini ba, na ce yau zan ji. Da ya buɗe baki sai ya ce:

"To, ni na kai. Ko wa ya tambaye ki, ni na kai, kuma ni na sa maganar da kika gaya mini a ɗaki ba da saninki ba."

"Malam, ba haka aka yi ba."

"Ke kina da uwa da za ki rasa, Habiba. Ni tawa ta riga ta tafi."

Ya ɗauki buta ya fita. Na so in ce a'a da ƙarfi, ban ce ba. Na ji sanyi a raina da ya ɗauke mini, kuma wannan sanyin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata.

Da sassafe ya tafi Sabon Gari ya ɗauko jaridun da kansa. Zane uku a jere a shafin farko, kwanan wata a ƙarƙashin kowanne. Ya fara kai wa limamin masallacin Juma'ar unguwarmu, ya zauna ya karanta masa, sannan ya bi masu shayi da tashar acaɓa yana rabawa kyauta. Ni ina gida na kulle ƙofa, na tara ku a ɗaki ɗaya, ina sauraron lasifika. Liman bai ambaci sunan kowa ba. Ya yi magana a kan ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba, ya ce duk wanda ya taka zuwa Sabon Gari yau da sunan addini, ya sani shi kaɗai ya aiki kansa. Aka sauko. Na tsaya a bayan ƙofa ina jin takun mutane, ina jiran in ji ya koma gudu. Bai koma ba. Ba a je Sabon Gari ba. Sai dai wasu daga cikin samarin sun juya zuwa Hanwa, suka yi ta jifan ƙofar Yaya suka farfasa gilasan motarsa, Inna na ciki tana jin duwatsu a kan kwano. Wannan ban hango shi ba ko kaɗan, kuma ni na jawo mata.

A ranar ɗalibai suka kwashe kayansu daga benen baya. Da masu duba gini suka zo suka ce bai kai wata damina ba, aka rushe shi. Sande ya fito bayan kwana tara. Ya zo har gida ya riƙe hannun babanku, amma shekara ba ta zagayo ba ya kwashe iyalinsa suka koma Kudu, ya ce barci ya daina zuwa masa a garin da aka haife shi. Yaya ya kwana biyu a tsare, aka yi ta zuwa kotu, daga baya aka sasanta da iyayen Mustafa. Kwangila ta ƙafe masa, bai sake komawa yadda yake ba.

Mu kuma aka ba mu mako guda mu bar gidan. Muka koma ɗaki biyu a unguwar Jushi, kusa da injin niƙa, inda ku biyun manya kuka yi ta tambaya yaushe za mu koma gida. Abokan Yaya 'yan kasuwa suka janye tallarsu daga jaridar, mai jaridar ya kira babanku ya ce ya ɗan huta, hutun da bai ƙare ba. Ya koma rubuta allon shaguna a PZ da fentin mai, wanda warinsa ke sa shi tari. Mutumin da ke zaɓen kala kamar mai zaɓen amarya ya koma rubuta "Ana Ɗinki a Nan". Bai daina zanen Asabar ba, sai dai ba mai bugawa, kwali kawai yake cikawa. Ban taɓa jin ya ce da na sani ba.

Inna ta ce in bar shi in dawo gida. Na ce ba zan iya ba. Ta yi shekara biyu ba ta yi mini magana, daga baya ta sassauta, nakan je in gaishe ta in yi mata kitso, amma ba ta taɓa taka Jushi ba, sunansa kuwa ba a ambata a gabanta. Duk Sallah sai ya raka ni har bakin layin Hanwa, ya tsaya a gindin wani dalbejiya ya jira in fito. Ranar da ta rasu kaina na kan gadonta, tana shafa shi tana cewa Allah ya saka mini da haƙurin da na yi da mugun miji. Na buɗe baki, na kasa.

Aminu, kana aji uku na sakandare ka dawo daga gidan kawunka ka tsaya a kan babanka yana wanke buroshi, ka ce masa ya sayar da dangin matarsa don a ga sunansa a jarida. Ina ɗaki ina ji. Ya ce maka, "In ka girma ka yi abin da ya fi nawa," ya ci gaba da wankinsa. Da ka fita na ce masa yau zan faɗa. Ya ce in bari, yaro zai huce, kuma in kun sani, 'ya'yan kawunku za su sani. Ko a ciwonsa na ƙarshe na sake tayar da maganar, ya ɗaga hannu ya ce tari ya ishe shi, kada in ƙara masa. Ban rubuta wannan don ka ji ciwo ba. Abin da aka ba ka ka maimaita, kuma da ni aka ba ka.

Watan jiya na je Hanwa na sami Yaya. Ya tsufa sosai, sukari ya taɓa masa ido, yana zaune a zauren nan dai. Na ce akwai maganar da zan rubuta wa yara, ban so ya ji ta a bakin wani. Na faɗa masa duka, tun daga kujerar da na taka har ƙaryar da na yi wa Malam Iliya. Ya saurara bai katse ni ba.

"Na sani, Habiba."

Na ce ta yaya.

"Mako biyu bayan abin na je na tsare Iliya. Ya ƙi faɗa. Mai injin ne ya ce mace ce ta kawo, da hijabi ruwan toka. Ni na sayo miki shi daga Makka."

"Me ya sa ba ka gaya wa Inna ba?"

"Da ta mutu ba ta da 'ya." Ya murza yatsun ƙafarsa. "Kuma ya fi mini sauƙi in ƙi Lawal. In na ƙi ki, sai in tambayi kaina abin da ya kai ki."

Can ya ce yaron nan Mustafa yana zuwa masa a mafarki, shekara nawa ke nan. Sannan ya tambaye ni a wace maƙabarta aka sa babanku, don ranar jana'izar ya kai bakin layinmu ya juya. Na gaya masa. Ya ce ba zai gane wurin ba da wannan idon.

Aminu, kai za ka kai shi. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko. Ba ya iya doguwar tafiya, ka zo da mota.